Wasiƙar Kaka daga Gadarif

Bukhari, ga labarin kakar bana.
Ruwa ya ɗauke sati uku ke nan,
baƙar ƙasar Gadarif ta soma tsagewa kamar dunduniyar manomi.
Riɗi ya shigo kasuwa, ni kuma muryata ta fita,
zuma da citta nake sha kafin asuba.

Ka ce in rubuto komai. Bari in fara sauke mai nauyin.
Yaya Hamidu ya rasu ran sha tara ga Safar,
bayan la'asar, zazzaɓin kwana huɗu.
Ya bar wando a ƙarƙashin allura,
ƙafa ɗaya a ɗinke, ɗayar tana jiran sa.
Mai wandon ya zo gaisuwa, bai ko tambaya ba,
Allah ya saka masa.

Yaran nan da na gaya maka, waɗanda suka gudo daga Madani,
sun kai sha bakwai yanzu.
Talata da Asabar muke haɗuwa a ajin da ba ƙyaure,
in an naɗe tabarmin masu kwana.
Ba takarda, ba hadda. Doka ɗaya ce tal:
abin da ɗan'uwanka ya miƙo maka, karɓi, ka ƙara.
In ya ce murfin tukunya sitiyarin mota ne
kar ka ce masa murfi ne,
tambaye shi ina za mu.
Tahani, wadda ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba,
ta hau benci ta ce ita kwalekwale ce a tsakiyar Nilu.
Duk sai da muka jiƙe.

Da safe ina rumfar gwanjo.
Buhu ɗari biyu na Alhaji Ɗahiru, fari tas, ba tsakuwa,
wa zai ƙara?
Ka san ni da karatun gira.
Mai sosa kunne ya ƙara dubu biyar,
mai kallon sama ƙarya yake, ransa na kan buhun.
Ɗaya, biyu, in buga sanda a jikin sikeli, uku.
Shi ma wasa ne, sai dai a nan ana biyana.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado.
Malam ya ce keken ɗinki ba ya rabuwa gida shida,
sai a sa masa kuɗi.
Kowa ya juyo ya dube ni. To, wa kuma?

Na tsaya a tsakar gida na ce:
ga keke baƙi, mai malam-buɗe-littafi a ƙirji,
fedarsa ta ci sawun ƙafa ɗaya shekara talatin.
A kansa aka ɗinka rigar da na fara hawa dandali da ita,
cikin dare, bashi, har yau ban biya ba.
Wa zai taya?
Maƙwabci ya taya. Surukinmu ya ƙara.
Na ce ɗaya.
Na ce biyu.
Bukhari, ni da na sayar da raƙumi mai ɗingishi ana ta dariya,
uku ta maƙale mini kamar ƙayar kifi.

Sai ɗansa Muzammilu, ɗalibina na ran Asabar,
ya ja kujerar ya zauna, ya ɗora ƙafa,
ya ce, Baffa, wannan ai ba keke ba ne,
jirgin ƙasa ne, kuma ya riga ya tashi.
Ya taka. Ƙarar ta cika gidan har zaure.
Dokar tawa ce, ba ni da bakin musu.
Na ce, to direba, ina za mu?
Surukinmu ya janye tayinsa, ya ce a yanka masa tikiti.
Inna ta yi dariya ta rufe fuska da mayafi,
ba ta buɗe da wuri ba.

Ladan riɗin bana na kwashe na biya magada,
har da kuɗin rigar.

Sauran labarin kaɗan ne.
Dawa ta yi tsada, an ce za ta sauko, ba mu gani ba.
Jiya aka gama wandon nan,
ƙafar hagu ta ɗan fi ta dama tsawo.
Mai shi ya sa ya tafi Juma'a da shi haka.
In ka sami mai zuwa, aiko mini da zuma.